Kwamfuta a Makarantunmu na Arewacin Kamaru: Da Me Ya Kamata a Fara?

Malam Inuwa, Garwa

Assalamu alaikum warahmatullah, iyayena da 'yan uwana na wannan zaure. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta makarantar sakandaren da nake koyar da lissafi a cikinta ta yi karo-karo, kuma mafi yawan mambobinta sun karkata ga sayen kwamfutocin tebur guda 20 domin a buɗe wa yara ɗakin kwamfuta. Niyyar kyakkyawa ce, Allah Ya saka musu da alheri, amma kafin a taɓa kuɗin ina so mu yi shawara, domin irin wannan magana tana gaban makarantu da yawa tun daga Ngaundere har Kuseri.

Ba na cikin masu shakkar cewa yaranmu suna bukatar wannan ilimi. Tun daga 2018 ma'aikatar ilimin sakandare ta mayar da biyan kuɗin makaranta da na jarrabawa ta waya da wasu wuraren karɓar kuɗi, neman gurbin karatu da na aiki kullum ƙara komawa intanet suke yi, kuma ko ɗan tiredan unguwa yau da asusun kuɗin waya na Orange Money ko MoMo yake karɓar ciniki. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke koyar da darasin kwamfuta a kan allo da alli. Za ka ga yaro ya ɗauki rula ya zana allon madannai a littafinsa tsaf, ya jera A, Z, E, R, T, Y kowanne a gidansa, ya haddace sunayen sassan na'urar, ya ci 16 bisa 20, alhali yatsansa bai taɓa danna ko ɗaya daga cikin waɗannan haruffa ba. Haka zai wuce BEPC, jarrabawar ƙarshen ƙaramar sakandare, ya wuce Bak, ta ƙarshen babbar sakandare, ya isa jami'a bai san yadda ake adana fayil ba.

Tambayata ita ce, shin sayen na'urori 20 shi ne matakin farko, ko kuwa akwai abin da ya kamata ya riga shi?

Abdullahi, Marwa

Wa alaikumus salam, Malam. Ina cikin ɗaliban jami'a da suka karɓi kwamfutar nan mai tambarin PB HEV, don haka zan faɗi abin da na gani. A 2016 aka sanar da shirin raba kwamfutocin tafi-da-gidanka 500,000 ga ɗaliban manyan makarantun ƙasar nan, da rancen sefa biliyan 75 daga bankin Exim na ƙasar Sin. An yi ta ce-ce-ku-ce a jaridu a kan ƙanƙantar ma'ajiyarta, wadda gigabait 32 ce kawai, amma ni dai a kanta na fara buga rubutu da hannuna, kuma a kanta na rubuta kundin kammala karatuna.

Abin lura shi ne waɗanda suka fi cin moriyarta su ne waɗanda dama suna da abin da suke son yi da ita, ko suka sami malamin da ya tilasta musu kawo aiki a buge. Wanda ba a ɗora masa wani aiki a kanta ba, fina-finai da waƙoƙi ya cika ta da su, wasu kuma sayarwa suka yi da bukata ta taso. Idan haka ta faru ga baligai masu karatun digiri, ina ga yaran aji ɗaya na sakandare? Ina goyon bayan a sayi na'ura, Malam, amma da sharaɗin a san darasin da za a yi a kanta tun kafin a kwance kwalinta.

Injiniya Musa, Gidar

Malam Inuwa, sana'ata haɗa wutar sola ce, don haka a nan zan tsaya, kuma ina roƙon a yi haƙuri da lissafi.

Wutar da lardunanmu uku suke sha, wato Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, jigonta madatsar ruwa ta Lagdo ce da ke kan Kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72. Duk shekarar da ruwan tafkin ya ja baya, abin da take bayarwa yakan ragu ƙwarai, ga kuma jama'a da ta ninka tun daga wancan lokaci. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da nan Gidar, masu kimanin megawat 30 a haɗe lokacin da aka buɗe su, sun rage raɗaɗi, amma kowa a zauren nan ya san yadda watannin Maris da Afrilu suke, kuma makarantun ƙauye da yawa ko fol ɗin wuta bai kai gare su ba.

To ga lissafin. Kwamfutar tebur tare da gilashinta takan ci wat 150 ko kusa da haka, kun ga guda 20 sun tashi wat 3,000 ke nan, ban da fanka, kuma da zarar wuta ta ɗauke duka za su mutu a take, abin da yaro yake rubutawa ya tafi. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa wat 50 zuwa 60 ya ishe ta, guda 20 ba za su wuce wat 1,200 ba, sannan kowacce tana da batirinta da zai riƙe darasi har a tashi. Wannan bambancin shi ne ke raba tsarin sola da ƙungiya za ta iya saya da wanda ya fi ƙarfinta. Makaranta kuma da rana take aiki, lokacin da faranti yake bayar da wuta mafi yawa, don haka ba a bukatar tulin batura kamar gidan da ke son kwana da firiji.

Akwai abokan gaba biyu da masu kawo mana kaya daga kudu ba sa lissafawa da su, zafi da ƙura. Batirin dalma an ƙera shi ne a kan yanayin da bai wuce maki 25 ba, kuma kusan duk ƙarin maki 10 yana yanke tsawon rayuwarsa biyu, mu kuwa a Garwa da Marwa muna haura 40 a bazara. Wanda ya ajiye irin wannan batir a ɗaki mai rufin kwano ba sili, to ya fara tanadin kuɗin wani. Batirin litiyam ya fi tsada a ranar saye, amma ya fi juriya. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fankar cikin na'ura har ta yi zafi ta kashe kanta, tana kuma lulluɓe faranti ta rage masa ƙarfi. Tsumma mai laushi, da ruwa kaɗan, da mayafin rufe kowace na'ura bayan darasi, da mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin hakan, su ne suke sa kaya ya shekara biyar maimakon ɗaya.

Baba Alhaji, Ngaundere

'Ya'yana, na karanta bayananku duka, Allah Ya yi muku albarka. Na yi ritaya ina shugaban makarantar firamare, kuma ina so in ja hankalinku zuwa ƙasa, inda tushen yake.

Yaron da kuke son zaunarwa a gaban kwamfuta, shin ya iya karatu? A ƙauyukanmu akwai azuzuwan da yara suka haura 100 a gaban malami ɗaya, kuma sau da yawa malamin nan iyaye ne suke haɗa masa ɗan abin da yake karɓa, ba gwamnati ba. Yaro ya taso da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri ko Tupuri a gida, ranar da ya shiga aji aka tare shi da Faransanci, yana maimaita abin da aka faɗa ba tare da ya san ma'anarsa ba. Rahoton Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kusan yara 9 cikin 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi a shekara 10 da haihuwa. Wanda bai iya karanta jimla a takarda ba, gilashi ba zai karanta masa ita ba.

Kuma wasu sun riga mu gwada wannan hanya. A 2005 aka fito da shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro daga Amurka, ƙasar Peru ta sayi ɗaruruwan dubbai ta raba, amma da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya binciki makarantun karkara sama da 300, sakamakon da ya fitar a 2012 ya nuna yaran sun saba da na'urar, sai dai makinsu a lissafi da harshe bai ƙaru ba. Kenya ta fara raba kwamfutocin hannu ga 'yan aji ɗaya a 2016, ta raba kimanin miliyan ɗaya, sannan a 2019 ta sauya akala zuwa gina ɗakunan kwamfuta. Suwidin, wadda ba ta da matsalar wuta ko intanet, a 2023 ta ware kuɗi domin mayar da littattafan takarda cikin azuzuwan ƙananan yara. Da ni ne mai kuɗin nan, littattafan karatu da kujeru zan fara saya, in ƙara malami.

Malama Hadiza, Kuseri

Baba, Allah Ya ƙara girma. Babu abin da ka faɗa da zan musa, amma ina neman izini in bambanta da kai a kan hukuncin ƙarshe, musamman da yake maganar Malam Inuwa a kan 'yan sakandare take, waɗanda wasunsu saura shekara ɗaya ko biyu su fita neman aiki.

Abin da Peru ta koya mana, a fahimtata, shi ne miƙa wa yaro na'ura a tafi a bar shi ba ya koyar da shi, domin an raba kayan ne ba tare da an sauya yadda malami yake gudanar da darasinsa ba. Darasin nan ba ya cewa a guji na'ura, cewa yake a fara da malami. Ni kimiyyar halittu nake koyarwa a makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje. Shekara da shekaru ina zana zuciyar ɗan Adam a allo ina bayanin yadda jini ke zagayawa, yara suna kwafa. Ranar da na samu aron majigi na haska musu ɗan gajeren bidiyo, suka ga ƙofofin zuciya suna buɗewa suna rufewa, tambayoyin da suka yi mini a wannan awa ɗaya sun fi na zango guda yawa da zurfi. Na'ura ɗaya ce da majigi ɗaya, ga yara aji guda cur.

Sannan mu tuna da Maris na 2020, lokacin da aka rufe makarantu saboda korona aka mayar da darussa gidan talabijin da rediyo na CRTV da intanet. Yaron Yawunde da Duwala mai talabijin da wuta ya ci gaba da karatu, namu da yawa suka zauna har aka dawo da 'yan ajin jarrabawa a watan Yuni. Mu a nan rufe makaranta ba baƙon abu ba ne. Tun 2014 rikicin Boko Haram ya rufe makarantu a gundumomin Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da nan Logone da Shari, ambaliyar 2024 kuma ta cinye azuzuwa a Yagwa da kewayenta ana daf da komawa karatu. Yankin da karatunsa ke yawan katsewa shi ya fi kowa bukatar hanyar ajiye darasi a ɗauke shi zuwa inda yara suke.

Kuma ba dole sai da intanet ba, wanda shi ne abin da ke cinye kuɗi wata-wata. Akwai wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ake kira Raspberry Pi, ba ta fi tafin hannu ba, wutar da take ci ba ta kai ta ƙwan fitila na da ba. Ana loda mata littattafai da bidiyon darussa da tsofaffin takardun jarrabawa, a sa mata manhajar Kiwix mai ɗauke da Wikipedia ta Faransanci har da ta Hausa, sai ta riƙa watsa su ga duk na'urar da ke cikin ɗakin ba tare da data ba. Irin wannan tsari ne Gidauniyar Orange take kai wa wasu makarantun firamare a ƙasar nan tare da kwamfutocin hannu. A kan matsalar harshe da ka ambata kuma, Baba, malami zai iya naɗar bayanin darasi mai wuya da Fulatanci ko Hausa a wayarsa, yaro ya saurara ya gane, sannan ya koma ga Faransancin littafi da ƙarfin gwiwa.

Hajiya Maman Ummi, Marwa

Malamai, sannunku da ƙoƙari. Ni ba malama ba ce, uwa ce mai biyan kuɗi. Shekaru muna biyan abin da ake kira kuɗin kwamfuta a wata makaranta da 'ya'yana suka yi, amma duk lokacin da na tambaye su sai su ce ɗakin a kulle yake, makulli yana hannun wani malami, kuma ba a buɗewa sai idan manyan baƙi za su zo. Da na je taron iyaye na nemi a nuna mana ɗakin, na ga na'urori a jere an lulluɓe su da leda, ƙura ta yi musu kauri, rabinsu ba sa tashi, kuma babu wanda ya iya faɗin ranar da suka lalace. Saboda haka ni kafin a yi maganar irin na'urar da za a saya, ina so in ji wa zai riƙe makulli, da wa zai tambaye shi idan bai buɗe ba.

Abu na biyu, kada wannan shiri ya zama ƙofar shigo da waya aji. Dokar makarantunmu ta hana yara zuwa da waya kuma ina tare da ita, Faransa ma da muke koyi da tsarin karatunta ta hana a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018. Na'urar makaranta da malami yake tsaye a kanta daban, wayar da yarinya za ta ɓoye a hijabi tana hira da wanda ban sani ba daban.

Abdullahi, Marwa

Hajiya, maganar makulli ita ce gaskiyar da kowa ya sani amma ba a faɗa a taro. Baba kuma, ina so in ƙara abu ɗaya a kan dalilin da ya sa ba za mu iya jira sai an gyara firamare gaba ɗaya ba. 'Yan uwanmu da ke tsallake a Yola da Mubi, tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta JAMB a kan kwamfuta kawai ake yin ta, kuma yaron da bai saba da na'ura ba yakan ɓata mintunan farko yana neman inda zai danna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga kuma ƙirƙirarriyar basira. Tun da ChatGPT, manhajar da ke amsa tambaya ta kuma yi wa mutum rubutu, ta fito a ƙarshen 2022, ɗalibai suke kawo aikin gida da ba su suka rubuta ba, har da kurakuran da na'urar ta ƙirƙiro ta faɗa da cikakken tabbaci. Hana su ba zai yiwu ba, domin a wayar yayyensu suke yi. Abin da makaranta za ta iya shi ne ta koya musu tuhumar abin da suka gani a gilashi, su gwada shi da littafi, su tambayi daga ina bayanin ya fito. Wannan kuwa sai mai iya karatu da kyau, don haka a nan na dawo layin Baba.

Baba Alhaji, Ngaundere

Malama Hadiza, 'yata, bayaninki a kan majigi ya shige ni, domin a can malami ne yake jan ragama. Ban sauka daga ra'ayina a kan ƙananan yara ba, su littafi da alli da malami mai haƙuri suke bukata. Ga 'yan sakandare kuwa na amince, bisa sharaɗin a ware wani kaso na kuɗin a sayi littattafan karatu na takarda da yaro zai ara ya tafi da su gida, inda babu sola babu majigi.

Malam Inuwa, Garwa

Na gode ƙwarai, iyayena da 'yan uwana. Ga abin da nake shirin kai wa ƙungiyar, ku gyara mini inda na kauce. A bar maganar kwamfutocin tebur 20. A sayi na tafi-da-gidanka 10 masu ƙwari, yara su zauna bibbiyu a raba aji rukuni-rukuni, a haɗa da majigi ɗaya da 'yar na'urar ajiyar darussa da Malama ta bayyana, a kafa sola daidai nauyinsu. Kafin yaro ko ɗaya ya shiga ɗakin, a zaunar da malamai a lokacin hutu su koya, ba malamin kwamfuta kaɗai ba, har da na tarihi da na Faransanci da na kimiyya, kuma a nemi taimakon waɗanda suka fito daga babbar makarantar horar da malamai ta Jami'ar Marwa, tun da ana koyar da wannan fanni a can. Abin da ya rage a raba shi tsakanin littattafan da Baba ya nema da asusun gyara da ba za a taɓa ba sai abu ya lalace.

Abin da za a koya wa yara kuma a rubuta shi ƙarara. Kowane ɗalibi ya iya buga wasiƙar neman aiki, ya adana ta ya sake nemo ta, ya iya tsara jadawalin lissafi na abin da ya sani, kamar kuɗin taki da iri da abin da aka samu a gonar auduga ko albasa ta gidansu, ya iya cike fom a intanet, ya kuma gane saƙon 'yan damfara masu cewa an turo masa kuɗi bisa kuskure. Masu hazaƙa a buɗe musu ƙofar rubuta manhaja.

Injiniya Musa, Gidar

Tsarin ya yi, Malam. Ƙari ɗaya, a sayi na'urorin duka iri ɗaya, domin idan guda ta mutu a ciri kayanta a tayar da wata, kuma caja ɗaya ta shiga kowacce. A zaɓi ɗalibai uku ko huɗu daga manyan aji in koya musu share faranti da duba batir da buɗe na'ura a busa ƙura, ba zan karɓi ko sisi ba a kan wannan. Ka turo mini girman ɗakin da irin rufinsa da inda yake fuskanta, in fitar muku da adadin faranti da kuɗinsu.

Hajiya Maman Ummi, Marwa

Malam Inuwa, akwai abin da ban gani ba a cikin tsarinka. Idan aka sa lokacin shiga ɗakin bayan an tashi daga makaranta, maza ne kaɗai za su amfana, domin 'yan mata da an tashi gida ake jiran su, ga ɗiban ruwa, ga girki, ga Islamiyya bayan la'asar, kuma uba ba zai bar 'yarsa ta kai magariba a waje ba. A sa darasin a cikin jadawalin safe. Idan za a zaunar da yara bibbiyu, a haɗa mace da mace, domin idan aka haɗa ta da namiji shi zai riƙe na'urar ita ta zama 'yar kallo. A cikin ɗaliban da Injiniya zai koya wa gyara ma a sa mata biyu. Sannan a liƙa jadawalin a ƙofar ɗakin, a ajiye littafin da kowane malami zai sa hannu duk ranar da ya shiga da yara, a riƙa kawo mana shi taron iyaye kowane zango mu duba da idonmu.